Yadda Motar Ado Ta Kai Ni Damagaram

Tun ran da na dawo ban soya ƙuli ko sau ɗaya cikin kwanciyar hankali ba. Da na ɗora kasko sai sallama: "Asabe, ya Damagaram? Wai da gaske ne burodinsu sai an saɓa shi a kafaɗa?" In tsaya ba da labari, mai ya ƙone. Jiya har a gidan rasuwa aka zungure ni ana tambaya. Kuma na ji Hudu, ƙanin Malam mai gidana, yana zama a tasha yana cewa ba don shi ba da har yanzu muna dajin Daura. To ku gyara zama. Yau zan faɗa sau ɗaya, wadda ba ta nan ku kai mata.

Ranar wata Talata da la'asar, tsakiyar bazara, wani mai goro da ke ratsowa ta Ajingi ya yi sallama da Malam. Ya ce Hauwa, 'yarmu da ke aure a Damagaram, ta sauka ranar Asabar, an sami namiji. Sai ya rage murya, ni kuwa ina bayan zana kunnena a buɗe. Ya ce ta zubar da jini da yawa, tana kwance, kuma ba ta da magana sai kiran Innarta. Haihuwar fari ce. Da al'ada aka bi a ɗakina za ta haihu, amma mijin ya ce hanya ta yi wa mai tsohon ciki nisa, muka bar masa.

Malam gwiwa ta hana shi ko zuwa masallaci, sai ya wakilta Hudu. Ni kuma na aika aka kira mini Ado, ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya, wanda na goya da bayana. Kun san motarsa, a-kori-kurar nan da ya saya hannun wani mai awon gyaɗa. Ta girmi 'yancin kai. Ƙofar direba da igiya ake ɗaure ta, kuma in tana tafe a Gafasa ana jin ta a Ajingi.

Na ce, "Ado, tsakaninka da Allah, za ta kai?"

Ya dafa ƙirji. "Yaya, wannan? Laraba mu tashi, Alhamis da azahar kina yi wa jikanki wanka."

Aka loda garwa biyu ta man gyaɗa, da ƙuli, da buhun gero, da yaji, da ƙullin kanwa don kunun mai jego. Muka biya ta Kademi muka ɗauki ragon da Malam ya ba jikansa, don a can ake kiwonsa. Kafin a gama gaisuwa da shan ruwa rana ta take. Na shiga gaba, tsakanin Ado da Hudu, gwiwata na gogar giya.

Muna hango rumfunan Gaya motar ta yi tari sau biyu, ta yi harbi kamar bindigar maharba, ta mutu.

Ado ya ce datti ne a fetur. Ya ciro tiyo ya zuƙa, ya haɗiye rabi, ya durƙusa yana kakari. Hudu kuwa, da yake ya taɓa yin gadi shekara uku a ƙofar wani gareji a Kano, tun daga nan yake ganin kansa injiniya. Ya ce, "Batir ne. Ni da jin kukanta na san batir ne." Ya sami dutse ya ƙwanƙwasa kan batir. Suna cikin gardama, an ɗauki kamar tsawon dahuwar wake, Ado ya murɗa makulli sai ta ɗauka. Ado ya ce ka ga datti ya fita. Hudu ya ce ka ga aikin dutse.

A Gaya muka tsaya wurin wani makanike da ke ƙarƙashin tsamiya, ana ce masa Garba Guduma, kuma ba a yi masa ƙarya a sunan ba. Bai tambayi yadda ta mutu ba. Ya ɗaga murfin inji, ya leƙa, ya ce zai duba ko akwai wuta. Ya zare wata baƙar waya mai kauri daga kan fulogi ya miƙa wa Hudu.

"Malam, riƙe nan, ka kusanto da ita jikin inji. Direba, murɗa."

Ado ya murɗa. Jama'a, ban taɓa ganin dattijo ya yi tsalle irin wannan ba. Hula ta yi gabas, carbi ya yi yamma, Hudu ya faɗi da salati a bakinsa, rabinsa salati rabinsa ashar.

Garba ya gyaɗa kai. "Wuta kam akwai."

Ya canza fulogi huɗu, ya buga wa injin guduma sau biyu don kada a ce bai yi aiki da sunansa ba, ya ce ko Makka za ta. Ba ta kai gadar Wudil ba.

Haka muka yi ta yi har Kano. Ta yi tafiya, ta yi tari, ta mutu. A jira, ta ɗauka. Ni da ba direba ba na lura da abu guda: ba zuƙar tiyo ke tashinta ba, ba dutse ba, hutu ne. In ta huce ta tashi, in ta yi zafi ta kwanta, kamar yaro mai zazzaɓin dare. Na faɗa. Hudu ya ce, "Matar yaya, mota ba tukunyar ƙuli ba ce." Ado ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ido ba.

Da magariba muka shiga Kano, tafiyar da motar haya ke yi kafin a sha kunun safe. Muka sauka a Fagge gidan wani abokin Hudu. Matar gidan ta karɓe ni da fara'a, ta ba ni gado mai rumfa da katifar rimi, na ce lallai birni birni ne. Da gari ya waye na tashi jikina duk ya yi rudu-rudu, kuɗin cizon gidan sun yi bikin zuwan baƙuwar ƙauye. Ta dube ni ta ce, "Ai mu ba sa cizonmu, sun saba." Ruwan alwala ma sai da aka jira ɗan garuwa. Mutum ya gina bene, amma ba shi da rijiya.

Ranar Alhamis da safe aka kai motar wurin wani mai gyaran wayoyin mota. Shi wannan yana da farar riga da biro a aljihu. Ya sa aka bar injin yana ta ruri, ya ɗora hannu a kan wani abu mai kama da gwangwanin madara, baƙi, ɗaure a gefen inji. Ya janye hannun da sauri yana yarfewa.

"Kwayil ne. Ya gama aiki."

Ranar na fara jin sunan. Yanzu kuwa na san kwayil kamar yadda na san ludayina. Shi ne ke karɓar wutar batir ya ƙara mata ƙarfi ta isa ta kunna fetur, wutar da Hudu ya ɗanɗana a Gaya daga cikinsa ta fito. Mai farar riga ya cire tsohon ya jefa bayan rumfa, ya ɗaura wani mai sheƙi.

Na ce, "Ɗana, me ya sa wancan ya yi zafi?"

Ya dubi Ado, bai dube ni ba. "Tsufa, Iya."

"To ni ma na tsufa, ga jikina da sanyi."

Aka yi dariya, aka ce in shiga mota.

Sabon kwayil ya kai mu Dambatta. Muna wuce garin ta yi tarinta na jiya, ta tsaya a gindin wata kuka. Mazan suka fito suka tsaya a gaban inji, hannu a ƙugu, kamar an zo gaisuwar mara lafiya. Na sauko ni ma. Na taɓa gwangwanin nan, wallahi da an fasa ƙwai a kai da ya soyu. Na yagi gefen tsohon zanen da na yi gammo da shi, na jiƙa da ruwan buta, na naɗe kwayil ɗin da shi. Ya yi cuu, tururi ya tashi. Na ƙara ruwa. Na ce, "Ado, murɗa."

Ta ɗauka.

Hudu ya yi gyaran murya. "Dama abin da nake shirin cewa ke nan."

Daga nan har Daura tsumma ne ya ja mu. Mu yi 'yar tafiya, a tsaya, in sauka in jiƙa. Ruwan buta ya ƙare, na goran sha ya ƙare, muka koma bin rijiyoyi. A wani ƙauye bayan Kazaure matan da ke bakin rijiya suka zagaye ni suna kallo. Ɗaya ta ce, "Iya, ciwon kai take yi?" Na ce a'a, masu ita ne ke da ciwon kan, ita zazzaɓi ne.

Ina ba ku dariya yanzu, amma a lokacin hankalina ba a kwance yake ba. Alhamis ɗin da aka ce zan yi wa jikana wanka ga ta tana faɗuwa a kan hanya. Duk tsayawar da muka yi sai in ga fuskar Hauwa. Tun tana ƙarama ba ta da jini sosai, ko ƙaya ta taka sai ta yi fari fat.

A Daura muka kwana a tasha. Wata mai tuwo, Tabawa, ta ga na zauna kan garwa na yi tagumi, ta ce, "Baiwar Allah, taso, mace ba ta kwana cikin direbobi." Ta kai ni ɗakinta, ta ba ni tuwon dawa da miyar kuka wadda ta ji daddawa. Da ta ji inda za mu, sai ta ce in kula, mutanen can ƙetare wayo gare su, kuma ba sa jin Hausa sai Faransanci. Na tambaye ta ko ta taɓa zuwa. Ta ce a'a, Allah ya kiyaye. Daga ƙofarta zuwa iyakar, mai jaki na zuwa ya dawo a yini.

Juma'a da hantsi muka isa bakin iyaka. Ni na zaci zan ga ganuwa ko kogi. Sanda ce guda aka gitta kan duro biyu. Gero iri ɗaya a dama da hagu, akuyoyi na ratsawa ta ƙarƙashi ba mai tambayar su komai. Ma'aikatan ɓangarenmu suka duba takardun Ado suka ɗaga mana. Na can ɓangaren kuwa, wani dogo mai gajeren wando da hula kamar tasa ya fito da littafi. Ya dubi Ado ya ce, "Mushe, kawo takarda."

Hudu ya zabura. "Kai! Wane ne mushe? Mutum da ransa, da alwalarsa?"

Sai da wani mai sayar da dabino ya shiga tsakani, ya ce a can haka ake girmama namiji, malamin makaranta ma mushe ne, babban ma'aikaci ma mushe. Hudu ya ce to shi dai a kira shi Hudu. Dogon kuwa Hausarsa ta fi ta Hudu fita, ashe ɗan Magarya ne.

Ni ba wanda ya nemi takardata. Rago aka nemi tasa. Wai ina shaidar cewa lafiyarsa ƙalau? Na ce ka dube shi mana, tun Kademi ya cinye rabin igiyar da aka ɗaure shi da ita. Aka yi ta kai da kawo, dogon yana magana yana ɗaukar ƙuli daga faifaina ɗaya bayan ɗaya, wai yana bincike. Da binciken ya kai rabin faifai sai rago ya sami lafiya. Daga nan ya kwance ƙullin da ke gefe, ya shinshina, ya fashe da dariya har yana riƙe ciki. Ya kira 'yan uwansa.

"Ku zo ku ga Bakanuwa ta kawo mana kanwa! Madam, daga ina kike tsammani taku take zuwa?"

Wannan kam ya ci ni. Na ɗaure ƙullina.

Aka ɗaga sanda. Ado ya kama hannunsa na hagu kamar kullum. Ba mu yi nisa ba sai ga wata babbar mota ta doso mu gaba da gaba tana ihu. Ado na hon, shi ma yana hon, ba mai kaucewa. Da ƙyar Ado ya fizge kan motar muka afka cikin rairayi, garwar mai ta tuntsure, rago ya faɗo kan buhun gero. Ado ya leƙa yana zagi, wai direbobin ƙasar nan duk mashaya ne. Wani tsoho a kan jaki ya tsaya ya gama kallonmu, ya ce, "Samari, nan dama ake bi." Direba guda, da injiniya guda, ba wanda ya san haka a cikinsu.

Turin da aka yi kafin a fita daga rairayin nan, da rurin da injin ya sha, su suka ƙarasa kwayil. Bayan azahar, kusa da wani ɗan ƙauye, ya yi wani ƙauri kamar an ƙona roba, wani baƙin mai ya tsattsafo daga bakinsa. Na jiƙa tsumma, na sake jiƙawa. Ado ya murɗa har batir ya fara nishi. Hudu, ba wanda ya sa shi, ya zare baƙar wayar nan ya riƙe da hannu biyu, ya rufe ido ya ce a murɗa. Aka murɗa. Ko gezau bai yi ba. Ya buɗe ido ya ce a hankali, "Babu wuta." Ranar ce kaɗai a tafiyar nan ya faɗi abin da yake daidai.

Mutanen ƙauyen suka fito. Ba wanda ya tambaye mu daga wace ƙasa. Mai gari ya ce gobe da sassafe zai ba da shanu biyu su ja mu zuwa Matamai, akwai mai gyara a can. Yau kam shanun suna daji. Motar da za ta wuce in bi ta kuwa, har rana ta faɗi ba mu ga ko ɗaya ba.

Abincinsu fura ce. Da rana fura, da yamma fura, in ka yi baƙo na musamman a ƙara nono. Amma furar ta amsa sunanta, ba irin tamu da ake cika wa ruwa har ka ga fuskarka a ciki ba. Mazan kuma aka dafa musu shayi a wata 'yar buta, aka zuba a kofi kamar na awon turare. Hudu ya kurɓe nasa a tashi ɗaya ya miƙa kofi wai a ciko, yana tambaya ko babu burodi. Suka dube shi yadda ake duban jaki ya shiga masallaci.

Ni na kasa shan komai. Matar da aka sauke ni wurinta, Gambo, ba ta dame ni da tambaya ba. Da na gaya mata abin da ya fito da ni sai ta ajiye ludayi, ta matso ta kama hannuna, muka zauna haka har aka kira isha'i.

Asabar da asuba, ina sallame salla, na tuna yanzu haka maza sun taru a ƙofar gidan surukina ana raba goro, liman zai raɗa suna. Ban sani ba ko uwar yaron na da ran jin sunan. Na fito na ga shanu biyu an ɗaura musu motar Ado da igiyar rijiya. Haka muka shiga Matamai, Ado na riƙe da sitiyari da gilashinsa a ido, mai shanu na gaba yana cewa "Hai!"

Mai gyaran wani tsoho ne siriri, sunansa Isufu, an ce ya yi sojan Faransa. Ba shi da guduma a hannu, ba shi da biro. Ya zauna kan benci ya ce a ba shi labari tun daga farko. Ado ya fara, Hudu ya katse shi, suka rikice. Tsohon ya juyo gare ni.

"Hajiya, ke kin ga abin da ya faru?"

Ban je Makka ba, amma ban gyara masa ba. Na zayyana masa tun daga Gaya: in ta yi zafi ta mutu, in ta huce ta tashi, an sa sabo shi ma ya yi zafi, tsumma ya taimaka har ya daina.

Ya ce, "Bobin biyu ba sa tsufa rana ɗaya." Su can bobin suke ce wa kwayil, fulogi kuma buji.

Ya ɗauko ƙwan fitila guda da wayoyi biyu a jikinsa. Ya maƙala ɗaya a jikin mota, ɗaya kuma yana taɓawa nan da can. Ya fara daga batir, ƙwan ya kama. Ya shiga ƙarƙashin sitiyari wurin makulli, ya kama. Ya bi wayar da ta fito daga makulli da yatsa, a hankali, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, har ta ratso cikin inji. Sai ya tsaya. A nan an murɗe wayoyi biyu wuri guda an naɗe da ƙyalle. Kusa da su akwai ramukan kusa biyu a jikin ƙarfe, tsatsa ba ta ko taɓa su ba.

"Ina abin da ke zaune a nan?"

Ya nuna ramukan da yatsa ya ci gaba.

"Wani ɗan fari ne kamar alli, tsawon yatsa. Wutar batir ta fi ƙarfin irin wannan bobin, shi ke rage ta kafin ta shiga. In babu shi, ko guda goma kuka sa haka za su dahu. Wa ya cire?"

Hudu ya ce, "Lallai ɗan Kanon nan ne, dama ban yarda da shi ba."

Isufu ya warware ƙyallen ya ɗaga. Shuɗi ne mai ratsin fari. Na san shi. Ni na saya wa Ado yadin a kasuwar Gaya da sallar bara.

Na ce, "Ado."

Ya sunkuyar da kai. "Ya tsage ne, Yaya. Satin da ya wuce. Na ga na haɗa wayar ta tashi, har ma ta fi saurin ɗauka. Na ɗauka ba shi da wani amfani, na yar."

"Da ta mutu a Gaya ba ka tuna ba?"

Ya ƙara sunkuyar da kai.

"A Kano fa, da na tambayi yaron can me ya sa yake zafi, kana tsaye?"

"Na tuna. Na ji kunya ne a ce ni na ɓata."

Kunya! Kwana uku 'yata na kwance tana kirana, ni ina bin rijiyoyi da tsumma, Hudu ya sha wuta, an jawo mu da shanu, duk don kada a ce direba bai san mota ba. Na buɗe baki, sai na ga makanike da mai shanu da mutanen tasha duk sun zuba ido. Na rufe. Ƙanena ne, ba zan tsiraita shi a ƙasar mutane ba. Na koma kan garwata na zauna.

Isufu ya miƙe. Ya zaga bayan rumfarsa inda wata matacciyar mota ke kwance kaji na ƙwai a ciki, ya kwanto kwayil ɗinta tare da ɗan farin abin, ya ɗaura kowanne a mazauninsa. Ya buɗe wani murfi ya goge 'yan ƙarafan ciki da magagari, ya ce su ma wutar ta ƙona musu baki. Ya ce a murɗa. Ta ɗauka tun kafin Ado ya saki makulli. Ya bar ta tana ruri har muka yi azahar, sannan ya kama hannuna ya ɗora kan kwayil ɗin. Ɗumi kawai, kamar goshin yaro mai lafiya.

Daga Matamai har Damagaram ba ta yi tari ko sau ɗaya ba. Ba kuma wanda ya yi magana a cikin motar, har Hudu.

Mun shiga gari da la'asar sakaliya. Duwatsu manya-manya a tsakiyar gari, gidaje a jikinsu, kuma e, na ga yaro ya saɓo burodi a kafaɗa kamar sandar makiyayi. Ban tsaya kallo ba. A ƙofar gidan an riga an naɗe tabarmi, sai ɓawon goro da fatar rago a shanye. Na kasa kunne ko zan ji kuka. Sai na ji guɗa daga ciki, na yi hamdala.

Uwar mijin ce ta fito, Hajiya Fanna. Ni tun daga Ajingi na tanadi maganganun da zan gaya mata kan hana ni 'yata. Ta rungume ni tun ban gama sallama ba. Ta ce, "Sannu, 'yar uwa. Zo ki gan ta." Ashe ita ta ɗauke ta zuwa asibiti a daren haihuwar, ta kwana huɗu a ƙasa gefen gadonta, kuma ta hana a yi mata wankan tafasasshen ruwa sai ta yi ƙarfi, duk da surutun tsofaffin unguwa. Maganganuna suka koma inda suka fito.

Hauwa na kwance, ta rame, leɓɓanta fari, amma idonta tar. Yaron na gefenta, an sa masa sunan Malam. Ta ce, "Inna," sai ta kama zanena kamar za a ƙwace ni. Ta ce tun Laraba duk motar da ta ji ta tsaya a waje sai ta ce a leƙa. Na ce mata ga ni, na ce ta daina kuka nono zai tsinke, alhali ni ce mai kukan.

Can aka ce kawun mai jego na neman iso. Ado ya shigo ya rakuɓe a bakin ƙofa, hularsa a hannu, rigarsa duk baƙin mai. Hauwa ta yunƙura ta ɗago.

"Kawu, sannu. Dubi yadda ka koma. Ka bar aikinka, ka wahalar da motarka saboda ni. Allah ya saka maka da alheri, Allah ya ba ka masu yi maka."

Maganar na kan harshena. Ado ya ɗago ya dube ni, irin duban da yake mini muna yara in ya fasa tulu Inna na tambaya. Na ɗauki jikana na shiga gyara masa zane.

Ya ce, "Amin," ya juya ya fita da sauri.

Na ba shi lokaci ya kai soro. Na miƙa wa Hajiya Fanna yaron, na ce ina zuwa. Na same shi shi kaɗai yana share ido da hula. Mutum mai shekara arba'in, mai 'ya'ya shida. Na duba dama da hagu ba kowa, na miƙa hannu na kama kunnensa, na murɗa shi sosai, har sai da ya ɗauka.